Likita Mila Na Zariya, Wanda Murnarsa Ta Sha Komawa Ciki

Mu da mu ke zaune a Rigasa mun san abin da a ke kira ta leƙo ta koma. Tun 2016 da jirgin ƙasa na Abuja ya fara tsayawa a tasharmu, sau da yawa ka kan ga mutum ya iso da gudu, jaka a kafaɗa, ya tarar jirgi ya riga ya tashi. Mace ta kasa tumatir tun da sassafe, har la'asar ba ciniki, kaya kuwa sun fara laushi. Yaro ya gama makaranta, ya kai takardar neman aiki wuri goma, shiru ka ke ji. Waɗannan ba manyan masifu ba ne, ba wanda zai zo maka jaje dominsu. Amma su ne su ke cin zuciyar mai bi kaɗan kaɗan kamar gara, har ran Lahadi ya zo sujada yana waƙa da baki, ciki kuwa ba daɗi.

Domin wannan na ga ya kamata watan nan mu duba labarin wani mutum wanda kusan dukan abin da ya sa rai a kai bai samu ba. Mun fi kusa da shi fiye da yadda mu ke zato. In wani namu ya kwanta ciwo a kan kai shi Asibitin Barau Dikko a cikin gari. In mun taru sujada a kan karanta mana Maganar Allah da Hausa. Wanda ya bi sawun abubuwan nan biyu, zai iske sun gamu a ƙofar mutum ɗaya, watau Walter Miller, wanda Hausawa su ke kira Likita Mila.

An haife shi a garin Honiton cikin ƙasar Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew a Landan. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya fara shiga kunnen masu bi na Ingila, ana ba da labarin manyan birane masu ganuwa, da kasuwar Kano, da mutane masu karatu da rubutu. An kuma san waɗanda suka riga suka gwada shigowa ta Lokoja, John Robinson da Graham Brooke, ba su wuce nan ba, ɗaya ya mutu 1891, ɗaya 1892. Duk da haka saurayin ya ba da kansa ga mishan na C.M.S. domin ƙasar Hausa. Aka fara aika shi Saliyo ya saba da ƙasar zafi. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kā da shi, aka mai da shi gida.

Da ya warke hanya ba ta buɗe ba tukuna, sai aka tura shi Tarabulus a 1899 tare da abokai biyu, Richardson da Dudley Ryder, su koyi Hausa wurin fatake da alhazai masu ƙetare hamada. Ga wanda ya ƙosa ya ga Kano, zaman Tarabulus zaman jira ne kawai. Amma a can ya gamu da wani yaro Bakatsine, Abdul Majid Tafida, wanda ubansa ya rasu a kan hanyar Makka ya bar shi. Likita ya taimake shi ya cika tafiyarsa. Daga baya yaron ya komo wurinsa, ya zama ɗaya daga cikin mataimakansa wajen juya Littafi Mai Tsarki. Ku riƙe wannan, gama za mu sake ganin irinsa: abin da ya dawwama cikin aikin mutumin nan, yawancinsa a wurin jira aka same shi.

A farkon 1900 suka tashi daga Ikko su biyar, Bishof Tugwell ne shugaba, da Likita, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Ba jirgin ƙasa, ba mota, sai ƙafa da doki da 'yan alaro. Suka ƙetare Kwara a Jebba, suka iso Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da mutunci. Cikin watan Afrilu suka hangi ganuwar Kano. Wata uku suna tafiya domin ranar nan, Likita kuwa shekaru ya yi yana addu'a dominta. Aka shigar da su gaban Sarkin Kano Alu. Sarki bai yarda da zamansu ba ko kaɗan, ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su bar masa gari.

Kada mu yi saurin ganin laifin Sarki. Ran 1 ga Janairu na shekaran nan Gwamna Lugga ya yi shela a Lokoja cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila, ba kuwa wanda ya nemi shawarar Kano. Sai ga Turawa sun iso ƙofar fada ba wanda ya gayyace su. Wane sarki ne ba zai yi tsammani 'yan leƙen asiri ne ba? Shi kansa Gwamna bai ji daɗin tafiyar ba. A ganina akwai gaggawar ƙuruciya cikin al'amarin, Likita yana da shekara 28 kaɗai a lokacin.

Suka juyo, suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A garin nan ne Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku na farko na S.I.M., ya mutu a 1894, shi ma da nufin Kano a zuciyarsa. Damina ta same su cikin bukkoki. Atuni ya kama Ryder, Likita ya yi iyakar abin da ya sani, bai tashi ba, suka binne shi. Richardson ya yi ciwo har aka mai da shi Ingila. Gobara ta cinye bukkokinsu. Daga ƙarshe aka umurce su su janye, suka gangara Loko a bakin Binuwai, a 1901 Likita ya koma gida ba mai bi ko ɗaya da zai nuna. Ga likita kuwa, ba abin da ya fi ciwo kamar abokinsa ya mutu a hannunsa.

To, me ya yi da shekaran nan ta baƙin ciki? Ya tattara Hausar da ya tsinta a Tarabulus da kan hanya da Girku, ya buga ɗan littafin koyon Hausa a 1901. A 1902 ya komo. Ba wanda ya tilasta shi, da ya zauna a Ingila da ya sami aikin likita da albashi mai kyau, ba kuwa mai zarginsa.

A 1905 ya sami izini ya zauna cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, aka ba shi wuri a Durumin Maigarke. Daga nan labarinsa ya zama irin namu. Babu sauran tafiya mai ban tsoro, sai kwana da tashi. Mutum ya sha wahalar karatun likita, ya shirya magunguna, ya buɗe ƙofa, masu zuwa kaɗan ne, gama mutane suna tsoron maganin Nasara. Ya buɗe makaranta, iyaye ba su yarda su ba da 'ya'yansu ba, cikin yaran farko har da waɗanda aka 'yanta daga bauta, marasa kowa. Shekara ta bi shekara, masu karɓar baftisma ana ƙirga su da yatsu. Wannan irin gajiya ta fi korar Kano wuyar ɗauka. Korar Kano rana ɗaya ce, ana kuma ba da labarinta a majami'un Ingila. Zaman jiran mai ciwo da bai zo ba kuwa, wa zai ba da labarinsa?

Da ya ga haka sai ya mai da ƙarfinsa ga abu biyu da ke hannunsa, 'yan yaran da ya samu da kuma juya Littafi. Ya kan zauna da malamai da mataimakansa suna auna magana ɗaya ɗaya. Aikin ba sauƙi. Akwai Hausar malamai mai cike da Larabci, akwai ta manomi da 'yar kasuwa, ga ta Kano, ga ta Zazzau, ga ta Sakkwato. In ka ɗauki kalmar da malami zai yaba, watakila tsohuwa a ƙauye ba za ta gane ba. In ka ɗauki ta tsohuwa, malami ya rena. Aya guda ta kan iya cinye yini. Da ɗakin maganinsa ya cika da mutane kamar yadda ya roƙa, da ina zai sami yinin? Hausawa sun ce wani hani ga Allah baiwa ne. Mun iya faɗinta ga maƙwabci, amma da wuya mu faɗa wa kanmu ran da abin ya same mu.

Sai kuma wata murna ta taso. Likita ya tsara shirin makaranta domin 'ya'yan sarakuna da malamai, inda za a koya musu boko da lissafi da sha'anin mulki. Gwamna Lugga, wanda Likita ya sha juya masa dokoki da Hausa, ya ga shirin da kyau. Amma a 1906 Lugga ya bar Arewa. Wanda ya gaje shi bai so makarantar 'ya'yan sarakuna ta zauna a hannun mishan ba, sai aka danƙa aikin ga Hanns Vischer, wanda mu ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Wanda ya taɓa kawo shawara a wurin aiki, ko a majalisar dattawan ekklisiya, aka karɓi shawarar aka ba wani ya yi, ya san ɗacin wannan.

A nan dole in faɗi gaskiya, kada a ce na yi wa mutumin kwalliya. Likita Mila ba mai sanyin hali ba ne. Yana da kaifin harshe da kaifin alƙalami. Ya yi ta rubuta wa gwamnati ƙara a kan zaluncin da ya ga ana yi wa talakawa, ya ɓata da Sarki, ya ɓata da Razdan bayan Razdan, har abokan aikinsa na mishan ba kullum su ke jin daɗin zama da shi ba. Wani lokaci yana da gaskiya, wani lokaci zafin rai ne. Na faɗi wannan domin waɗansunmu suna tsammani farin ciki cikin Ubangiji hali ne da a ke haifar mutum da shi, na masu fara'a da sanyin zuciya, su kuwa da ke da saurin fushi ba rabonsu. Ba haka ba ne. Ga mutum mai zafi, wanda abu ya kan ɓata masa rai ƙwarai, amma gari na wayewa yana bakin aikinsa.

A 1913 abin da ya yi shekara goma sha uku yana jira ya zo da ƙafarsa. Waɗansu mutane suka iso gidansa suna neman labarin Isa. Asalinsu kuwa, a zamanin da akwai wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda cikin karatunsa ya ga girman Annabi Isa, ya yi ta koya wa almajiransa. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekara ta 1867, almajiran suka watse, waɗansu suka nufi wajen Ningi. Ana kiransu Isawa. Suka riƙe abin da suka ji, suka koya wa 'ya'yansu, suna sauraron ranar da za a kawo musu cikakken labari. 'Ya'yan nan da jikoki su ne suka zo Zariya.

Ku dubi murnar da aka yi. Aka sami fili a Gimi, ta wajen Maƙarfi, a 1914 aka kafa ƙauyen masu bi. Aka gina majami'a da makaranta, aka yi gonaki, wani pasto baƙin mutum daga tsibiran Indiya ta Yamma, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Ga Hausawa manoma, da matansu da 'ya'yansu, suna sujada da harshensu a ƙauyensu. Abin da Likita ya ƙetare teku dominsa ke nan.

Ashe akwai ƙudan tsando a kurmin rafin wurin. Ciwon barci ya shiga ƙauyen. Ciwo ne mai cin mutum a hankali: zazzaɓi, kaluluwa a wuya, sa'an nan mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya gushe, ya mutu. Maganin da a ke da shi a lokacin ba shi da ƙarfi. Cikin 'yan shekaru mutane da yawa suka mutu, dole sauran suka tashi, aka kwashe yara aka kai makarantar Zariya. Ƙauyen masu bi na Gimi ya zama kufai. Kamar a Girku, Likita ya sake tsayawa da ilminsa a kan kaburburan waɗanda ya ke ƙauna.

Ban ga amfanin a ce wa mai makoki ai ba kome ba. Da kome. Abin da ya faru a Gimi hasara ce, ba kuwa wani alheri da ya biyo baya da zai mai da ita wasa. Amma akwai bambanci tsakanin murna da farin ciki, Hausa ma ta raba su. Murna tana zuwa da labari mai daɗi, in labari ya juya ta koma ciki. Farin ciki cikin Ubangiji kuwa ba a kan labarin yau ya ke tsaye ba, a kan Ubangiji kansa ya ke, wanda bai sāke ba tsakanin ranar da aka kafa Gimi da ranar da aka tashe ta. Manzo Bulus ya so shiga Bitiniya aka hana shi, hanin nan ya kai shi Filibi, a Filibi aka yi masa dūka aka sa shi a kurkuku. Bayan shekaru, yana ɗaure kuma, ya rubuta wa mutanen Filibi wasiƙar da ta fi sauran wasiƙunsa yawan zancen farin ciki. Wasiƙan nan tana cikin abin da Likita da abokansa suka zauna suka nema wa kalmomin Hausa. Mutum ba ya yini yana auna irin maganan nan ta bar shi yadda ta same shi.

Abin da ya fito daga kufan Gimi ma ya isa a ambata. Marayun da aka kai Zariya su ne suka ƙarfafa makarantar, daga cikinsu aka sami malamai da masu bishara da ma'aikatan asibiti. Ana kuma danganta farkon sana'ar mazarƙwaila a ƙasar Zazzau da injin matse rake da mishan suka kawo a zamanin Gimi.

Saura hani ɗaya, shi ne kuwa ya fi kusa da ƙashi, gama daga 'yan'uwa ya fito. Gwamnati da fada sun daɗe suna so mishan ya fita daga cikin birni. Wurin ma ya yi ƙunci ga makaranta da asibiti. Sababbin ma'aikata, da Guy Bullen a gabansu, suka ga ya fi kyau a karɓi fili a waje. Likita ya ƙi ƙwarai. Shekara 24 ya yi a Durumin Maigarke, a ganinsa fita daga birni ja da baya ne. Ba a bi ra'ayinsa ba. A 1929 aka ƙaura zuwa Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa ginin Hausa, aka kafa makaranta da asibiti. A nan ina tsammani matasan sun fi tsohon gaskiya, gama Wusasa ta yi albarka. Amma ba abu mai sauƙi ba ne mutum ya ga aikin da ya fara ya ci gaba ta hanyar da bai zaɓa ba, a hannun waɗansu.

Shi kuwa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya zauna ya ƙarasa juyi. A 1932, yana da shekara 60, aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa. Ba shi kaɗai ya yi ba, akwai ma'aikatan waɗansu mishan da Hausawa masu taimako, amma shi ne ya ɗauki babban kaya. Tsofaffinmu suna tune da bugun nan, wanda a ke rubuta chikin a maimakon cikin. Ya yi aiki a ekklisiyoyi har aka yi sabon juyi a 1979. Ga kuma abin da Likita bai shirya ba: ya yi juyin domin Hausawan birni, amma waɗanda suka fi karɓarsa su ne mutanen kudancin Zariya da na dutsen Jos da na Adamawa da sauran kabilu masu yawa, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada. Yawancinmu da ke taruwa a Kaduna ran Lahadi jikokinsu ne.

Makarantar da aka rena kuma, wadda ba ta sami 'ya'yan sarakuna ba, ita ta yi renon Barau Dikko, wanda ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na fari cikin 'yan Arewa, ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkonta, sunansa ne a kan asibitin da na ambata. Daga zuriyar Isawa aka sami Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan gidan ne. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya yi makarantar fari. Waɗansu daga cikin abubuwan nan Likita ya gani da idonsa, waɗansu kuwa bayan ransa suka faru.

A 1935 ya ajiye aiki da C.M.S. ya tafi Ingila, ya rubuta labarin abin da ya gani. Bai taɓa aure ba, iyalinsa su ne yaran da ya rena, suna kuwa nan ƙasar Hausa. Bayan 'yan shekaru ya tattara kayansa ya komo, ba mishan da ta aiko shi. Ya zauna a Bukuru kusa da Jos, yana koyarwa, yana rubuce-rubuce, alƙalaminsa kuwa bai dakushe ba, har cikin tsufa yana faɗa wa gwamnatin Turawa laifinta. Tsofaffin yaransa su kan zo gaishe shi da 'ya'yansu. A can ya rasu a shekara ta 1952, yana da shekara 80.